Allurar da Ba Ta Karye Ba: Ɗinkin Ƙirgi a Jamus

A 'yan shagunan ɗinkin jaka da bel da suka rage a Offenbach, tsohon garin fata da ke maƙwabtaka da Frankfurt, ana kwance allura daga keke a jefa ta a gwangwani alhali ba ta karye ba, ko lanƙwashewa ba ta yi ba. Wani baduku ɗan Kano da ke aiki a ɗaya daga cikinsu har yau abin na ci masa rai. A Ƙofar Wambai ta Kano sai allura ta ɓalle ake neman wata, in ta dakushe a goga bakinta a dutse a ci gaba. A nan kuwa shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauya ta bayan kimanin awa takwas na ɗinki. Ga shi ba allurar banza ba ce, ta Schmetz ce ko Groz-Beckert, da Yuro ake sayenta.

Garin Offenbach ya san fata, tun 1917 yake da gidan tarihinta. Shi ma badukun bai zo da hannun koyo ba. Ya fito daga ƙasar da fatar jan akuyarta ta Sakkwato ta daɗe tana shiga Turai da sunan fatar Maroko, kuma da ya murza zare tsakanin yatsu biyu ya san irin fatar da zai ɗauka. Sai dai a nan ba a sayar da komai da murzawa. Mai kanti lamba yake tambaya.

Ta allura ba ta da wuya. Lambar Turai kaurin allurar take faɗa: 100 milimita ɗaya ke nan, 140 milimita 1.4, 200 milimita biyu. A gefenta akan buga tsohuwar lambar Singer, shi ya sa ake ganin 110/18, 140/22, 160/23, 180/24, 200/25 a jikin fakiti. Kafin wannan ma sai an san dangin allurar da keken ke karɓa. Yawancin kekunan da ƙafarsu ke tafiya tare da fata 135x16 suke sha, ita ce mai baki kamar wuƙa, 135x17 kuma 'yar'uwarta ce mai tsini zalla, ta yadi da tamfol. Manyan kekuna masu ɗinke sirdi da linzami, irin Adler 205 da Juki 441, 794 ce tasu.

Zare ne mai rikita mutum, domin lissafi uku ke yawo a kasuwa. Akwai Tex, wato nauyin mita 1,000 na zaren da giram. Lamba na hawa, kauri na hawa. Akwai lambar Amurka da ke bin sawunsa: 69 ita ce Tex 70, 92 Tex 90, 138 Tex 135, 207 Tex 210, 277 Tex 270. Ta Turai kuwa, wadda ke kan zaren Serafil na kamfanin Amann, a juye take: 40 siriri ne, 20 ya fi shi kauri, 10 ya kusa zama igiya. Wanda ya nemi 40 yana zaton ya ninka 20 ƙarfi zai koma gida da zaren walat.

Haɗin da ake bi a shagon ga shi. Walat da cikin jaka, inda kaurin bai wuce milimita biyu ba, Tex 70 da allura 100 ko 110. Jakar hannu, Tex 90 da 120. Bel da maratayin jaka na ƙirgi mai milimita uku zuwa biyar, Tex 135 da 140, a hau 160 in fatar na da tauri. Kube da kayan doki, inda ake ninka ƙirgi biyu, Tex 210 da 180, ko Tex 270 da 200. Keken gida dai kada a wahalar da shi da abin da ya wuce Tex 70.

Dalilin jefar da allurar yana cikin bakinta. Allurar fata yanka take yi, ba huda kawai ba. Mai alamar LR tana yanka a karkace, ɗinkin ya fito a jirkice kamar na hannu. Mai S tana yanka a miƙe, zaren ya kwanta cikin fatar a layi ɗaya. Da kaifin ya tafi sai ta koma yaga, ta ɗau zafi, ta fara tsefe zare, keke ya riƙa tsallake ɗinki. Yadi yakan rufe hudarsa, fata ba ta rufewa, kuma ƙirgin bel ɗaya ya fi fakitin allura tsada nesa ba kusa ba. Badukun ya yarda da wannan lissafin. Yakan ji kishi ma in ya ga bel ashirin sun fito ɗinkinsu iri ɗaya sak. Duk da haka hannunsa na yin nauyi duk sa'ad da zai saki allura a gwangwanin, domin ya san masu ɗinkin takalma a gida da za su yi mako suna cin abinci da ita, kuma takalman su yi ƙarko.

Gwajin da ya fi amincewa da shi ba ya buƙatar lamba. A zira zare kamar kamu biyu a kafar allura, a riƙe bakin biyu a karkata. In ta zame da kanta sun dace, in ta maƙale ta yi ƙanƙanta. In ƙullin ya ƙi shigewa tsakiyar fata, a rage kaurin na ƙasa da mataki ɗaya, Tex 135 a sama, 90 a ƙasa. Zare mai kauri kuma dogon taku yake so: milimita huɗu ko biyar a Tex 210, in ba haka ba hudojin su matsu da juna fatar ta tsage a kan layin. Duk wannan a kan guntun da aka yanko daga ƙirgin aikin ake gwada shi, a ninka shi daidai yadda za a ninka na gaske.