Tsakanin Alloy da Comp Alloy

Na daɗe ina jujjuya batun Turbo Levo na 2022, keken hawan dutse mai lantarki na kamfanin Specialized. Ƙaramin samfurin, Alloy, da na samansa, Comp Alloy, injinsu ɗaya, amma batirin na farko 500Wh ne, na biyu kuwa 700Wh. A nan hankalina ya tsaya. Birki, taya da sarƙa zan iya sauya su da mafi inganci sannu a hankali, dama nauyin keken da ƙarfin injin kan cinye su da wuri. Batir kuwa tsadarsa ba wasa ba, kuma shi zai yanke ko in dawo gida bisa sirdi ko ina turi. Comp na zaɓa. S-Works kam, ido ne kawai ke sonsa.