Akwati da Murya: Abin da Muka Gano a Arlit da Akokan

Ƴan uwa mata, shugabannin ƙungiyoyi, ma'ajiya, masu riƙon makulli da duk mai zubi. Kamar yadda aka yanke a babban taronmu, mu huɗu muka tashi daga Maraɗi cikin sanyin bana don ziyarar ƴan uwanmu masu asusu na Arlit da Akokan. Kuɗin mota daga akwatunanku suka fito, don haka haƙƙinku ne mu faɗa muku abin da muka gani. Mun tafi da niyyar koya musu riƙon littafi, tunda a jiharmu ne aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991. Sai ga shi mu muka dawo da karatu.

Hanya dai kun san ta da nisa: Madawa, Tawa, Abalak, Agadas. Daga Agadas zuwa Arlit kilomita wajen 240 ne, amma kada lissafin ya ruɗe ku. Wannan ita ce hanyar da aka shimfiɗa don motocin yuraniyom, kuma a wurare da dama kwalta ta cinye, direba kan sauka ya bi rairayi. Mun iso da ƙura har cikin haƙora. Babbarmu ta ce ita kam ƙugunta ya riga ta komawa gida.

Arlit ba tsohon gari ba ne. An kafa shi a 1969 saboda yuraniyom, kuma kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971. Akokan tana gefe, kamar kilomita 6, nan COMINAK ta yi aikin ƙarƙashin ƙasa tun 1978. Shi ya sa in ka tambayi tsohuwa inda aka yanke cibiyarta, da wuya ta ce nan. Wata Ba'adara ce, wata daga Damagaram, wata Bazabarma, wata daga duwatsun Abzin ko daga ruga. Aiki ya tara su, Hausa ta zama harshen kasuwa, Tamashek kuma na ko'ina. Gari biyu ne cikin ɗaya: ga gidajen ma'aikata jere da layi, ga kuma unguwannin talakawa na laka da kwano. A da har ana ce wa garin Paris ta biyu, akwai ma fim da aka yi a kan haka a 2005. Yau wanda ya faɗi wannan suna da dariya yake faɗinsa.

A kasuwa mun ga taliya da madara da dabino daga Aljeriya, mun ga albasa da dankali daga garaken Abzin da lemun Timiya. Hatsi kuwa daga wajenmu yake tahowa, kuma duk ramin da mota ta faɗa a hanya sai ya bayyana cikin kuɗin tiya. A irin wannan gari, sanin ko mota ta iso ko ba ta iso ba, shi ne sanin ko yau za a ɗora tukunya.

A Akokan muka sauka, gidan shugabar wata ƙungiya. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Ta ce mana: "Yaya, ranar nan ba kamfani kaɗai aka rufe ba. Mai wanki, mai waina, mai ɗinki, duk da albashin nan muke ci." Wasu iyalai sun koma kudu. Wasu maza sun nufi haƙar zinariya a Cibarkaten, sai a yi watanni ba labari. Ƙungiyarsu da take da mata 32 ta koma 19 a gari, sauran sun watsu, wasu da bashin akwati a kansu.

Cikin wannan hali ne abin ya faru. Wata safiya wani saƙon murya, abin da muke ce wa vokal, ya fara yawo a WhatsApp. Muryar mace ce, ba wanda ya san ta, tana cewa ma'ajiyar ƙungiya ta hau motar Agadas da asuba, ta gudu da kuɗi. Kafin azahar mata sun cika ƙofar gidan shugaba, kowa na neman zubinta. Waɗanda ke Tawa da Damagaram da suka ji, sai suka ce to su ma ba za su aiko da bashin da ke kansu ba, tunda akwati ya mutu. Gaskiya ne ma'ajiya ta hau mota da asuba. Ɗanta ne ba lafiya, ta kai shi likita Agadas, salularta kuma ba caji. Akwati yana nan ƙarƙashin gadonta, da kwaɗo uku yadda aka saba.

Shugaba ta aika aka kira masu makulli uku. Aka ɗauko akwati gaban kowa, aka buɗe. Ɗiyarta, ƴar makarantar sakandare, ta ce: "Inna, waɗanda ke nesa fa? Vokal suka ji, vokal ya kamata ya warware musu." Ta danna salula, aka ƙirga kuɗi da babbar murya, jika bayan jika, sakatare na karanta abin da ke littafi. Lissafi ya yi daidai, ko dala ba ta ɓace ba. Aka tura. Shugaba ta ce mana: "Da munka tura, gari ya yi tsit. Amma wallahi mata biyu sun fita, har yau ba su dawo ba. Kuma baiwar Allah nan da ta dawo ta ji abin da anka ce, kwana uku ba ta fito ba." Ma'ajiyar tana zaune kusa da mu ana wannan labari. Ba ta ce komai ba, tana ta gyaran mayafi.

Daga ranar nan ba su sake rufe taro ba tare da ɗaukar murya ba. Da farko lissafi ne kawai. A hankali waɗanda ke nesa suka fara tambaya: wa ya haihu, wa ya rasu, nawa tiya? Abin ya zama shiri na mako-mako, minti 7 zuwa 10. Yarinyar ta ce musu a boko ana ce wa irin wannan fodkas, wato shirin rediyo da ba ya buƙatar gidan rediyo, wanda kake ji lokacin da ka ga dama. Su dai matan labarin asusu suke ce masa.

Mun zauna an ɗauki na wannan mako gabanmu, bayan la'asar, ƙarƙashin rumfa. Ga yadda yake tafiya. Shugaba ta yi sallama, ta faɗi rana da wata. Sakatare ta karanta abin da aka zuba, abin da aka ba da bashi, abin da ya dawo, tarar da aka ci, da abin da ya saura cikin akwati. Sai wadda aka aika kasuwa da safe ta faɗi kuɗin hatsi, shinkafa, mai, albasa da gawayi. Sai labarin gari: suna a gidan wance, gaisuwar rasuwa a unguwa kaza, ranar allurar rigakafi, famfon da ya lalace da wanda aka gyara, motar kaya da ta iso. A ƙarshe wata Ba'abzina ta maimaita muhimman abubuwa da Tamashek. Ana cikin yi akuya ta yi kuka, jariri ya amsa mata. Muka ce a sake. Suka ce a'a, waɗanda ke nesa sun fi son jin haka, sai su ji kamar suna tsakar gidan.

Masu mega suna samu ta WhatsApp. Waɗanda ba su da shi ana tura musu ta Bluetooth a wurin ɗiban ruwa, ko a sa musu a katin memwar. Mai ƙaramar salula ma tana ji. Kuma wadda ba ta yi yaƙi da jahilci ba, wadda kullum sai dai ta yarda da abin da sakatare ta ce, yanzu tana da lissafin a hannunta, tana iya saurare sau uku, ta ƙirga da yatsunta. Wannan ya taɓa mu, domin mu da muka iya rubutu mukan manta cewa littafi shaida ne ga mai karatu kaɗai.

Sun kafa wa kansu doka huɗu, mun rubuto muku su:

Ta ɗaya, ba a faɗin labari sai an san wanda ya gani da idonsa. "An ce" ba ya shiga.
Ta biyu, ba a kiran sunan mai bashi. Ana faɗin jimilla kawai.
Ta uku, ba a faɗin ciwon mutum ko rikicin aurensa.
Ta huɗu, ba a shiga siyasa.

Doka ta biyu da kuka aka same ta. Sau ɗaya an kira sunan wadda ta makara da biya, muryar ta bi hannu-hannu har ta kai ga dangin mijinta. Abin da aka faɗa a taro yakan tsaya a taro, amma abin da ya shiga salula ba shi da linzami. Sai da shugaba ta je da kanta ta ba da haƙuri.

Kada ku ce ba su jin rediyo. Suna ji ƙwarai. Sun san shirye-shiryen Studio Kalangou, wanda ke aiki daga Yamai tun 2016 da Faransanci, Hausa, Zabarmanci, Tamashek da Fulatanci. Sun san jaridar Aïr Info ta Agadas, yara kan karanta musu. Labarin ramin da ke bayan gidansu ma sau da yawa daga nesa suke jin sa. Haka suka ji a watan Yuni na 2025 cewa gwamnati ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa, bayan doguwar taƙaddama da kamfanin Orano na Faransa. Wata dattijuwa ta ce mana: "Duniya duk ta san sunan garinmu, amma ba mai gaya min ko famfon unguwarmu ya kawo ruwa." Wannan gurbin shirinsu ya cike.

Akwai kuma maganar da ba a yi da ƙarfi amma kowa na ɗauke da ita, wato lafiya. A bayan Akokan akwai tsibin ragowar ƙasar da aka tace, wajen tan miliyan 20, wanda aka fara aikin rufewa. Ƙungiyar Aghirin'man ta nan garin, wadda Almustafa Alhasan ya jagoranta, ta daɗe tana faɗakarwa a kan ƙura da ruwa da tsofaffin ƙarafan da ke fitowa daga ma'aikata su shiga kasuwa. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ma'adinin, ta yi fim a kan wannan a 2016. Matan ba su da na'urar awo, ba su kuma ce su likitoci ne ba. Abin da suke iyawa shi suke yi: lokaci-lokaci a ƙarshen shiri sukan tuna wa juna kada a sayi ƙarfen da ba a san asalinsa ba don tukunya ko rufin ɗaki, a rufe randa da abinci in iska ta taso, a kai yaro likita da wuri in tari ya ƙi.

Ba komai ne zuma ba. Rezo kan ɗauke. Mega kuɗi ne, daga asusun tara suke saye, kuma ba kowa ta yarda da haka ba. Akwai wadda mijinta ya ce bai amince muryarta ta yi yawo a salular maza ba, sai wata ke karanta nata. Akwai kuma tsoron da mu ma muka ji: faɗin abin da ke cikin akwati a fili, ba kiran ɓarawo ba ne? Sun yi wannan gardama. Abin da suka tsayar shi ne a raba shirin biyu. Lissafi na ƴan ƙungiya ne kawai, labarin gari kuwa kowa na iya turawa. Kuma suna ƙoƙarin kada kuɗi su kwana da yawa a akwati, a ba da su bashi tun a wurin taro. Mun tambaya ko hakan ya hana lissafin fita. Shugaba ta yi dariya ta ce: "Ya rage dai, Hajiya."

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na waɗanda suka watsu. Cikin su akwai masu aiko da zubinsu har yau ta kamfanonin aika kuɗi, daga Tawa, daga Damagaram. Da an ambaci cewa kuɗin waje sun iso, kowace ta san nata na ciki. Wata ta aiko da vokal muna wurin, aka kunna mana. Tana cewa ita fa a yi rabo da ita, ba ta bar Akokan ba, jikinta ne kawai ya tafi.

To ƴan uwa, mu a Maraɗi ba a rufe mana kamfani ba, amma wace ƙungiya ce cikinmu jita-jita ba ta taɓa girgizawa ba? Wace ce ba ta da mambar da aure ko cirani ya kai nesa? Shawararmu ita ce ƙungiya uku su gwada na wata uku: salula ɗaya, yarinya ɗaya mai hankali da za ta riƙe ta, da dokokin nan huɗu. A fara da lissafi kawai. In ya yi kyau a ƙara, in bai yi ba a dawo a faɗi dalili a taron gaba.

Ranar da za mu taso sun haɗa mu da dabino da cuku, suka kuma sa mu yi sallama cikin shirin makon. Babbarmu, wadda ba ta taɓa jin muryarta a salula ba, ta saurara ta ce: "Ashe haka nake da faɗa?" Sun ce a gaida ku ɗaya bayan ɗaya, kuma suna jiran jin namu. Allah ya ba marasa lafiyarsu sauƙi, ya dawo musu da mazansu lafiya, ya sa albarka a akwatunanmu baki ɗaya. Amin.