Tsagar da Ba Ta Kai Ɗan Yatsa Ba

Abin da mahaifinmu ya bari bai wuce gona ɗaya da tsohuwar mota ƙirar Volkswagen Sharan ba, wadda a tashar Zango muke kira Sharon. Injinta na fetur ne, mai turbo. Da ita nake jigilar fasinja zuwa Daura da Kano, a guminta kuma mahaifiyata da ƙannena biyar suke ci.

A hunturun da ya biyo bayan cire tallafin mai na 2023 ciwonta ya bayyana. Da asuba sai ta yi gardama, sai an tura. Idan na taka totur, sai ta yi nishi, ta saki baƙin hayaƙi, amma ba ta ja. Mafi muni, takan yi ƙara ta salansa tamkar harbin bindiga. Ranar da ta yi haka a bakin kasuwa, 'yan talla suka watsar da farantansu, kowa ya yi ta kansa. Ban ga laifinsu ba, domin a wannan zamani kunnen Bakatsine ba ya wasa da irin wannan ƙara. Daga ranar fasinja suka fara ƙauracewa layina.

Bakaniken da na fara kai wa ko bonet bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci: turbo ya mutu. Kuɗin da ya ambata ba su da mafita sai jinginar da gona. Da na gaya wa Inna, ba ta ce uffan ba. Shirun nan ne ya kai ni Daura, garejin wani dattijo aminin mahaifina.

"Ɗana," in ji shi, "abu uku injin yake nema: wuta, iska da mai. Kafin ka zargi babba, tambayi ƙanana."

Ya kwance fulogai huɗu, duk sun yi baƙi ƙirin. Ya ce da ɗaya ne kawai, da kwayil ɗinsa za a tuhuma. Tunda duka ne, mai ya rinjayi iska. Ya taɓa sandar turbo, ba ta girgiɗi, ba ta yoyon baƙin mai. Sannan ya toshe tiyon da ke kai iska daga turbo zuwa injin, ya hura masa iska, ya yayyafa ruwan sabulu. A ƙarƙashin wani lanƙwasa kumfa ta taso.

Ya fahimtar da ni cewa na'urar awo tana ƙidaya iskar da ta shigo, kwamfutar motar kuma ta zuba mai daidai da ita. Iskar sai ta zurare ta tsagar, man ya rasa abokin ƙonewa. Shi ne yake dasƙare fulogi har tashi ya gagara, ragowarsa kuma ya fashe a cikin salansa mai zafi.

Tiyo, fulogai da matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe: duka ba su kai kuɗin cika tanki ɗaya ba. Da damina ta faɗi, ni da ƙannena muka shuka gero a gonarmu.

Tsohon tiyon yana rataye a ɗakina. Duk ranar da wata matsala ta yi mini tsawa har na ji zan sayar da abin da ba ya sayuwa, nakan dube shi, in nemi ruwan sabulu tukuna.