Bursary: Kyauta ce ko Bashi? Nazarin Kalma daga Zangon Wagadugu

Kalmar Ingilishi *bursary* tana cikin kalmomin da ɗalibin Hausa yake ganin ya gama saninsu, sai ranar da aka ce ya fassara ta ga mutumin da aljihunsa ya rataya a kan fassarar. Gidajen rediyo da jaridu sun saba cewa "tallafin karatu", kuma ba su yi kuskure ba. Sai dai tabarmar nan tana da faɗi: a kanta ake zaunar da kyauta, da lada, da bashi, alhali kowannensu da hukuncinsa.

Asalin kalmar daga Latin ne, *bursa*, wato jakar fata ta zuba kuɗi, ita ma an aro ta daga kalmar Girkanci mai nufin ƙirgi. Daga wannan tushe Ingilishi ya sami *bursar*, ma'ajin makaranta, da *bursary*, wadda ke nufin ofishin ma'ajin ko kuɗin da ake ba ɗalibi. Faransanci kuwa ya sami *bourse*. Bahaushe ma ya bi wannan hanya da ƙafarsa. "Jaka" mazubi ce, amma ta zama adadin kuɗi: fam 100 a zamanin Turawa, sannan naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. A Maraɗi da Damagaram kuwa "jikka" sefa 1,000 ce. Harsunan nan duka sun laƙaba wa kuɗi sunan mazubinsa.

Wajen amfani ne hanya ta rabu. A Ingila galibi ana ba da *bursary* saboda buƙata, *scholarship* kuma saboda hazaƙa. A Nijeriya kalmar ta ɗauki wata ma'ana ta daban: kuɗin da gwamnatin jiha ke ba ɗalibanta da ke manyan makarantu. A nan abin da aka fi tambaya shi ne takardar shaidar ƙaramar hukuma, wato asali. Ɗalibai da yawa a Kano da Zariya "sikolashif" suke kiran wannan kuɗi, ko da ba gasa aka ci ba.

Wanda yake son ganin nauyin wannan bambanci ya dubi Hausawan Wagadugu. Tsohuwar unguwarsu ita ce Zangouettin, a tsakiyar birni, kuma kalmar "zango" tana nan cikin sunan. Kakanninsu fatake ne da malamai, irin waɗanda suka bi hanyar fataucin goro zuwa Gwanja suka yada zango a ƙasar Mosi. A 2003 aka rushe unguwar tare da maƙwabtanta ƙarƙashin shirin ZACA na mayar da wurin cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka mayar da mazaunanta gefen gari, wajen Ouaga 2000 da Nioko. 'Ya'yansu suna jin Hausa a gida, da yaren Mosi a kasuwa, da Faransanci a aji. Saboda haka ɗan zangon da ya shiga Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wadda aka kafa a 1974 da sunan Jami'ar Wagadugu, kalmomi uku yake tararwa a bakin ƙofa.

Ta farko *bourse*, wadda hukumar CIOSPB ta kasance tana rabawa. Gurabenta ƙididdigaggu ne, ana duba sakamakon jarrabawar kammala sakandare da shekarun ɗalibi. Ta fi kusa da *scholarship*, duk da cewa 'yar'uwar *bursary* ce ta jini. Ta biyu *aide*, ta uku *prêt*, dukansu sun kasance suna fitowa daga asusun FONER da aka kafa a 1994, shekarar da aka karya darajar sefa da rabi. Ta biyun taimako ce ga wanda bai sami *bourse* ba, ba a biyanta. Ta ukun rance ce, ana biya bayan an gama karatu an kama aiki.

A ɗauki misalin wani dattijo daga cikin waɗanda aka tasa daga Zangouettin, wanda bai yi boko ba, ɗansa ya kawo masa labarin kuɗin gwamnati. Zai tambaya: "Kai yaro, wannan kuɗi kyauta ce ko bashi?" In yaron ya ce, "Baba, tallafi ne," ya amsa da kalmar rediyo, amma bai amsa tambayar ba. Dattijon ɗan kasuwa ne, ya san bashi hanji ne, yana cikin kowa, ya kuma san wanda aka ci da saninsa ya fi sauƙin ɗauka. Yana so ya ji wa zai biya, da yaushe, da ko akwai ruwa a kai, domin wannan ta shafi addininsa. Kalma guda mai santsi tana iya sa uba ya yi wa bashi godiyar kyauta.

In kuma kawun yaron da ke Kano ya bugo waya ya ce, "Ɗana, ka nemi *bursary* ɗin jiharmu mana," to ya yi magana da ma'anar Nijeriya. Kuɗin na 'yan asalin jiha ne, yaron kuwa ɗan Burkina Faso ne, ko da kakan kakansa daga Kano ya taso. Unguwar da zai nuna ya ce nan aka binne cibiyarsa ma an share ta. Kalmar da a Ingila take tambayar me mutum ya rasa, a Nijeriya tambayarta daga ina mutum ya fito.

Matsalar ta ƙetaro Nijeriya ma. Tun da aka sa hannu a kan dokar ba ɗalibai rance a 2023, aka sabunta ta a 2024, asusun NELFUND ya fara aiki, ana jin masu kiran kuɗinsa "tallafi". Rance ne, kuma sunansa ke nan.

Hausa ba ta rasa kalmomin rarrabewa ba. Abin da aka bayar don buƙata ko don asali, ba tare da biya ba, shi ya cancanci "tallafin karatu". Wanda aka samu ta hanyar fice a jarrabawa, "sikolashif" ta riga ta zauna a bakin mutane, mai son Hausa tsantsa kuma yana iya cewa "kyautar karatu ta hazaƙa". Wanda za a biya, "rancen karatu" ko "bashin karatu". Kuɗin ci da sha na wata-wata kuwa "alawus" ne, ko da yake jikokin fatake suna da kalmar da ta fi dacewa, wato "guzuri", abin da ake ɗaura wa matafiyi don ya kai inda ya nufa.

Mai fassara, kafin ya zaɓi ɗaya, sai ya binciki abu uku: wa ya bayar, bisa wane sharaɗi, kuma za a biya ko ba za a biya ba. Ƙamus zai ba shi ma'anar kalma, amma amsar waɗannan tambayoyi tana cikin takardar da ɗalibi zai sa wa hannu.