Ƙwarya Ta Cika, Nono Ya Tsinke

Masana tattalin arziki suna auna kuɗin ƙasa ta hanyar haɗa takardun da ke hannun jama'a da ajiyar da ke bankuna. A Nijeriya, alƙaluman Babban Banki sun nuna cewa wannan jimilla ta kai naira tiriliyan 1 a wajen shekarar 2000, ta kuma zarce tiriliyan 100 a 2024. Ninki ɗari ke nan cikin shekara 24, alhali abin da gonakinmu da masana'antunmu suke samarwa bai ninka ko sau goma ba.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Bashin da gwamnati ta ci daga Babban Banki ya haura tiriliyan 22 kafin 2023, sannan faɗuwar naira a wannan shekarar ta kumbura lissafin dalolin da ke ajiye a bankuna.

Ni dai a gidanmu na fahimci ma'anar waɗannan lambobi. Mahaifina malamin firamare ne. Shekara da shekaru yana tsimi, yana ajiyar kuɗin ginin ɗakuna biyu. Ranar da ya yi ritaya, ko sisi bai ɓace daga asusunsa ba, amma kuɗin ba su kai shi ga rufi ba.

Idan aka ƙara wa nono ruwa, ƙwarya takan cika, amma mai sha ba ya ƙoshi. Tambayar da ke damuna ita ce: da wace hujja zan koya wa 'ya'yana tanadi, bayan sun ga sakamakon mai haƙuri?