Songhai ta Porto-Novo: makarantar da ba a zubar da komai

Fataken Maraɗi da na Damagaram sun jima da sanin hanyar Gaya, Malanbil da Faraku har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka ƙara kilomita wajen 30 zuwa Porto-Novo, babban birnin ƙasar Benin, inda wata makarantar noma take a unguwar Wando. Sunanta Songhai, sunan tsohuwar daular nan ta bakin Kwara.

Fada Godfrey Nzamujo, ɗan Najeriya da ya yi karatu a Amurka, shi ya kafa ta a shekarar 1985 a kan fili eka ɗaya tak. Daga baya ta zarce eka 20, ta yi rassa a Faraku da Sabalu.

Baƙo in ya shiga, abin da zai fara gani shi ne samari da ƴan mata masu takardun shaidar karatu, sun duƙa cikin fangalin salati, tumatir, shu da karoti. Su ke reno, su ke dashe, su ke ban ruwa, su ke auna abin da aka girbe kafin a kai shi kanti. Malami na kewayawa yana duba aiki, amma garkar tana hannun ɗalibai.

Dokar gidan ɗaya ce: ba a zubar da komai. Kashin kaji da na dabbobi ana zuba shi a rami mai rufi, ya ba da iskar gas ta girki, abin da ya rage ya koma taki. Tsutsar da ake kiwatawa cikin dattin dabbobi ita ce abincin kifi. Kainuwa tana tace gurɓataccen ruwa. Busasshiyar ciyawa kuma ana lulluɓe ƙasa da ita don kada rana ta shanye laima.

Ruwan samansu ya fi namu nesa ba kusa ba. Duk da haka, tun bayan farin 1984 Nijar ta rungumi noman rani, albasar Galmi kuma ta yi suna a kasuwannin gaɓar teku. Ƙasa da hannuwa muna da su. Abin da Songhai ta nuna shi ne ɗan lakwal yana iya fita makaranta da sana'ar da zai riƙe gida, maimakon ya shekara yana zaryar ofisoshi neman aikin gwamnati. Jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi da Tawa suna da sassan koyar da noma. Ga inda za a ɗauki darasi.