Zuwa ga ɗakin wanke hoto na Baba



Jiya muna kwashe kayan Baba, Allah ya jiƙansa, na ci karo da kwalabarka ta ƙarshe ta ruwan wanke fim a ƙasan akwati. Ruwan ciki ya rine kamar shayin da ya kwana. Takardar da ya manna tana nan da rubutun hannunsa: D-76, sai ranar da ya haɗa shi. Na daɗe a zaune na kasa tashi.

Ka tuna yadda yake tattalin kwalaben nan? Garin Kodak yakan yi shekaru a ledarsa muddin ba a farke ta ba, amma da ya sha ruwa an fara ƙirga masa kwana. Wata 6 idan kwalba cike take a toshe gam, wata 2 kacal idan rabi ce, don iskar da ta samu wuri ita ke cinye ƙarfinsa. Shi ya sa Baba ke jefa 'yan duwatsun gilashi a ciki har ruwan ya hau wuya. Wanda aka zuba a faranti kuwa ba ya wuce kwana ɗaya.

Zafin Kano ne babban abokin gabarka. Masu maganin sun ce a wanke fim a digiri 20, mu kuma a Afrilu 40 muke sha. Sai Baba ya binne gindin kwalaben a jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, ni ke yayyafa ruwa safe da yamma. Fiksa kuma, wato ruwan da ke kafe hoto, da hanci ake gane ta mutu: ta yi dindimi, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Sau ɗaya na yi ganda na wanke fim da tsohon ruwa, hotunan sunan wani gida suka tafi a banza. Fim ba a wanke shi sau biyu. Baba bai ce mini kanzil ba, ya saka hula ya je da ƙafarsa ya ba su haƙuri, ya mayar musu da kuɗinsu. Har yau abin yana ci mini rai.

Yanzu cajin waya ake yi a cikinka, an fasa taga daidai inda jan ƙwan fitila yake a da. Ban ga laifin kowa ba, Kodak ɗin ma a 2012 sai da ya nemi kotu ta kare shi daga masu binsa bashi. Kewa ce kawai ta dame ni, ta lokacin da nake karkaɗa faranti a hankali, fuska tana tasowa a farar takarda, idanu ne farkon fitowa, Baba yana ƙirga daƙiƙa a bayana.

Hoton auren Inna da aka wanke a cikinka yana rataye a falona. Ya girme ni, kuma ko kaɗan bai dushe ba.